Dodon Landan A Ɗakin Ajiyar Jos: Raddi Ga Masu Raina Ƙagaggen Labarin Kimiyya

 Malamaina, ina neman gafara tun kafin in fara, domin maganar da na zo da ita ba mai daɗin ji ba ce, kuma wanda za ta fara suka ni ne da kaina.

A taron da ƙungiyarmu ta yi a zangon karatun da ya wuce, wani ƙaninmu ɗan aji biyu ya miƙe ya nemi izni ya gabatar da takarda a kan wani tsohon wasan talabijin na Ingila mai suna Doctor Who, yana so ya gwada shi da littafin Umaru Dembo, watau Tauraruwa Mai Wutsiya. Bai rufe baki ba zaure ya ɗauki dariya. Wani daga cikin manyanmu, wanda ba zan kama sunansa ba tun da ba da shi nake faɗa ba, da ra'ayinsa nake, ya ce mu nan adabi muka zo yi, ba kallon dodanni ba, in yaro wasan yara yake so ya koma gida wurin ƙannensa. Yaron ya koma ya zauna, kunya ta lulluɓe shi, aka wuce zuwa magana ta gaba. Ina wurin, ban ce uffan ba. Wannan shirun nawa shi ya yi ta cina a rai har na ɗauki alƙalami.

Abin da nake so in tabbatar guda ɗaya ne. Wasan da muka yi wa dariya ba shirme ba ne, kuma son da ma'abotansa suke yi masa ya yi wani aiki wanda mu masu taƙama da kishin adabin Hausa har yau ba mu yi wa namu ba. Shaidar wannan kuwa ba a Landan take ba, a nan Arewa take, a Jos.

Abin Da Aka Tarar A Jos

Gidan BBC ya fara nuna Doctor Who ran 23 ga Nuwamba, 1963. Labari ne na wani baƙon taliki daga wata duniya, ana ce da shi Dakta kawai, yana yawo cikin sararin samaniya da kuma cikin zamani, jiya da gobe duk ɗaya ne a wurinsa. Abin hawansa wani akwati ne shuɗi irin ɗakin wayar 'yan sandan Ingila na da, daga waje ɗan ƙarami, in ka shiga ciki sai ka tarar da faɗi kamar fada. An yi ta nuna shi har 1989, aka dakata, kana aka dawo da shi a 2005. Kada wani ya zaci baƙo ne a ƙasarmu: tun 1965 gidan talabijin na Kaduna ya nuna shi, a tsakiyar shekarun 1970 kuma na Jos ya nuna wasu daga cikin labaransa.

To, a wancan zamani faifan ɗaukar hoto tsada gare shi, wurin ajiya kuma ya yi ƙaranci, saboda haka sai BBC ta riƙa goge tsofaffin shirye-shirye tana ɗaukar sababbi a kansu, ba ta daina ba sai 1978. Kafin a farga an yi ɓarna mai yawa. Abin da ya rage sai kofen da aka juya a kan fim mai faɗin milimita 16 aka sayar wa ƙasashen waje, wanda ake miƙawa daga wannan gidan talabijin zuwa wancan, in an gama kuma ƙa'ida ita ce a mayar ko a lalata. Daga nan ma'abota wasan suka shiga farauta. Tun a tsakiyar shekarun 1980 aka mayar da wasu labarai Ingila daga Nijeriya. Amma babban kamu sai a watan Oktoba na 2013, sa'ad da aka ba da sanarwar cewa wani Bature mai suna Philip Morris, wanda ya yi shekaru yana bin ɗakunan ajiyar gidajen talabijin na Afirka, ya tarar da gwangwanayen fim a kan kanta a wani gidan talabijin a Jos. Kashi 11 aka kai Ingila, 9 daga ciki duniya ta riga ta fid da rai da su. Yawan kashin da suka ɓata ya sauko daga 106 zuwa 97. Labarai biyu ne: The Enemy of the World, da kuma The Web of Fear, wanda in za mu faɗe shi da Hausa sai mu ce Yanar Tsoro. A kan wannan na biyun nake so mu ɗan tsaya.

Me Ke Cikin Yanar Tsoro?

Labari ne mai kashi shida, kowane kashi kimanin minti 25, baƙi da fari, an nuna shi a Ingila daga 3 ga Fabrairu zuwa 9 ga Maris, 1968. Mervyn Haisman da Henry Lincoln suka rubuta, Douglas Camfield ya shirya, Patrick Troughton ya fito a matsayin Dakta.

Dakta da abokan tafiyarsa biyu, Jamie da Victoria, sun sauka a cikin ramukan jirgin ƙasa na ƙarƙashin birnin Landan, suka tarar da birni ya zama kufai, an kwashe mutane. Wani hazo ya rufe sama, wata yana kamar ta gizo-gizo tana ta yaɗuwa cikin ramuka tana cinye tasha bayan tasha. Dodanni masu gashi da ake kira Yeti suna sintiri cikin duhu, alhali kuwa ba dabbobi ba ne, mutum-mutumin ƙarfe ne, wani hankali marar jiki yake juya su daga nesa. 'Yan tsirarun sojoji sun maƙale a wani sansani a ƙarƙashin ƙasa, suna da taswirar layukan jirgi a bango, suna kallon yadda yanar take matso su kullum. Abin da ya fi dodannin ban tsoro shi ne an gane akwai munafuki a cikinsu, wani yana buɗe wa abokan gaba ƙofa, sai kowa ya shiga zargin kowa. A ƙarshe aka tarar ashe wani tsohon saje ne mai suna Arnold, wanda kowa ya amince da shi, hankalin nan ya shiga gawarsa yana tafiya da ita. Dakta ya ƙulla dabara a ɓoye, ya sauya wayoyin na'urar da aka shirya don a zuƙe masa ƙwaƙwalwa, yadda shi ne zai zuƙe abokin gaba. Jamie bai san da shirin ba, ya yi kukan kura ya fizgo shi don ya cece shi, na'ura ta tarwatse, abokin gaba ya sulale. An tsira, amma ba a gama da mugu ba, kuma ƙaunar aboki ce ta jawo haka.

Yanzu ina tambayar wanda ya yi dariya: wanne ne wasan yara a nan? Mutanen da aka yi wa ƙawanya, abinci da harsashi suna ƙarewa, amana ta mutu a tsakaninsu, wannan ai labarin kowane gari ne da aka taɓa kewayewa da yaƙi. Kakanninmu na ƙasar Gumel da suka rayu tsakanin Kano da Haɗeja da Damagaram a ƙarni na 19 ba sa bukatar a fassara musu ma'anar a rufe ƙofar gari da dare ana tunanin wa zai buɗe ta daga ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in ji Bahaushe, jigon labarin ke nan gaba ɗaya.

Akwai kuma wasu dalilai da suka sa wannan labari ya kama zukatan ma'abotansa. Na farko, ba a kai dodon wata duniya mai nisa ba, an kawo shi cikin jirgin da ɗan Landan yake shiga kowace safiya zai tafi aiki. Tsoro ya fi shiga jiki in ya same ka a inda ka saba. An so a ɗauki hoton a cikin ramukan na ainihi, abin bai yiwu ba, sai aka gina nasu a ɗakin shiri, ginin ya yi kama da gaske har hukumar jiragen ta yi ƙorafi tana zaton an shiga mata rami ba da izni ba. Na biyu, jarumin ba ya riƙe bindiga. Wani ɗan guntun mutum ne da kwat ta yi masa yawa da wando mai ɗigo-ɗigon murabba'i, yakan busa 'yar sarewa, in ka gan shi sai ka raina shi, makaminsa wayo ne da sani. Duk wanda aka yi wa tatsuniyar Gizo ya san wannan jarumi, bambancin kawai shi ne wayon Gizo don cikinsa yake yi, na Dakta kuwa don jama'a. Na uku, kowane kashi yana ƙarewa ne daidai inda rai ya tsaya, sai mako mai zuwa. Dabarar Shaharzadu ce a Dare Dubu Da Ɗaya, kuma dabarar kakata ce a Sule Tankarkar, wadda in Dodo ya kai bakin ƙofa sai ta ce barci take ji, sai gobe. Na huɗu, a nan ne wani hafsan soja mai suna Lethbridge-Stewart ya fara fitowa, wanda ya zama aminin Dakta na shekaru masu yawa. Kashi na uku, inda suka fara haɗuwa, shi ne bai dawo daga Jos ba, har sai da aka maye gurbinsa da zane mai motsi a 2021.

Hujjojin Masu Suka

Na saurari abin da ake faɗa a zaure da kuma bakin ɗakin cin abinci, na ga hujjojin ba su wuce uku ba. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko, wai ƙarya ce tsagwaronta, ba abin da zai yiwu. To, madalla. A gaya mini wane ƙagaggen labari ne ba ƙarya ba? Littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, waɗanda muke rubuta jarrabawa a kansu kowace shekara, me ke cikinsu? Alhaji Imam na Ruwan Bagaja ya shiga ƙasar aljannu ya ɗebo ruwa. Gandoki na Bello Kagara ya gwabza da aljannu. Ba wanda ya taɓa miƙewa a zaure ya ce a fitar da su daga manhaja don abin ba zai yiwu ba. Ashe in aljani ya ɗauki mutum ya keta sama da shi adabi ne, in na'ura ta ɗauke shi kuwa shirme ne? Wannan wane irin ma'auni ne? Bambancin da ke tsakaninsu ma ya fi ƙarfafa maganata. Labarin aljani yana cewa abu ya faru, kada ka tambaya. Labarin kimiyya kuwa dole ya kawo dalili, ko da ƙagagge ne: dodon nan akwai wata dunƙulalliyar na'ura a ƙirjinsa, in ka cire ta ya tsaya, in ka sauya mata umarni ya bi ka. Yaron da ya kalli wannan ya koyi cewa abin tsoro yana da sukurori, ana iya kwance shi a duba. Ban san darasin da ya fi wannan amfani ga yaron ƙasarmu ba.

Ta biyu, wai kayan Turawa ne, mulkin mallaka ne ya dawo ta akwatin talabijin. Wannan hujja tana da ƙamshin gaskiya, ba zan ɓoye ba. Doctor Who na shekarun 1960 ɗan zamaninsa ne. Baƙar fata ba ta cika fitowa ba, in ta fito ma wani lokaci abin takaici ne, kamar wani labari na 1967 inda aka fito da baƙin mutum ƙato a matsayin bara mai ƙarfi wanda da ƙyar yake magana. Sai a 2023 Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda, ya fara fitowa a matsayin Dakta, ya riƙe har 2025. Duk wannan abin a rubuta ne a soka, kuma takardar da muka hana ƙaninmu gabatarwa ita ce wurin da ya dace a yi sukar. Amma a ce don abu ya fito daga waje ba za a taɓa shi ba, wannan rashin sanin tarihin adabinmu ne. Abubakar Imam ya ɗebo daga labaran Larabawa da na Indiya da na Turai ya dafa su a tukunyar Hausa, aka sami Magana Jari Ce. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa tushensa labarin wani jarumin Rashawa ne. Ba wanda ya ce su ba namu ba ne. Bahaushe ɗan kasuwa ne tun fil azal, bai taɓa tambayar asalin haja ba, ingancinta yake dubawa. Je ka kasuwar Maigatari ran Alhamis ka ga raƙuma da shanu da suka ƙetaro daga Nijar, ka ce wa mai saye kada ya taya don ba a Jigawa aka haife su ba, ka ji amsar da zai ba ka.

Bugu da ƙari, wa ya ce ba mu da namu? A 1969, shekarar da 'yan sama jannatin Amurka suka taka wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya, inda Umaru Dembo ya sa wani taliki daga sama, Kolin Koliyo, ya ɗauki yaro Kilba ya zaga da shi sararin samaniya. Shekara ɗaya tak ke tsakanin wannan littafi da Yanar Tsoro. Watau marubucin Hausa bai makara ba, tare aka tashi. Masu karatu da masu nazari ne suka bar shi a tasha shi kaɗai. Yau fiye da shekara 50 ke nan. A cikin waɗanda suka yi dariya ran nan, mutum nawa ne suka karanta shi daga farko har ƙarshe?

Ta uku, wadda ta fi nauyi, wai mutanen da ke fama da fari da tsadar hatsi ina ruwansu da labarin taurari? Ni ɗan ƙasar Gumel ne, ba sai an koya mini fari ba. Na ga rairayi yana cin gona a arewacin Maigatari, na ga rijiya tana ƙara zurfi shekara bayan shekara, na ji labarin yunwar 1973 da ta 1984 daga bakin waɗanda suka sha ta. Amma sabili da haka ne ma nake cewa mu muka fi ɗan Landan bukatar wannan irin labari, domin aikinsa shi ne ya sa al'umma ta zauna ta yi tunanin gobe tun kafin goben ta iso. Ku dubi ɗaya labarin da aka tarar a Jos. An yi shi a ƙarshen 1967 zuwa farkon 1968, aka ce abin yana faruwa a 2018. Wani ɗan siyasa ne mai suna Salamander, duniya tana yi masa kallon mai ceto domin ya kawo dabarar yawaita abinci, alhali shi ne yake haddasa girgizar ƙasa da aman wuta a ɓoye, kana ya fito ya ce shi ya hango su. Ya kuma tsare wasu mutane a ƙarƙashin ƙasa shekara da shekaru, yana yi musu ƙaryar cewa yaƙi ya lalata duniyar waje. Wanda ya ce wannan labari bai shafi talakan Afirka ba, to, ko dai bai kalle shi ba, ko bai san talakan ba.

Kuma ba taurari ne baƙinmu ba. Wanda ya kwana a tsakar gida a Gagarawa da bazara ya san sararin da ɗan Landan bai taɓa gani ba saboda hayaƙi da fitilu. Mu muka raɗa wa Kaza Da 'Ya'yanta suna, da Zara matar wata, da Gamzaki. Manomi yana duban su ya san damina ta kusa. Kayan aikin duk suna nan a gabanmu. Marubutan Yanar Tsoro sun ɗauki jirgin da mutanensu suka saba da shi suka cusa dodo a ciki. Mu ma muna da layin dogon da ya tashi daga Kano ya ratsa Gagarawa ya isa Nguru tun 1930. Ina marubucin da zai sa wani jirgi ya tsaya a tashar Gagarawa da tsakar dare, jirgin da ba ya cikin jadawali, fasinjojinsa kuma suna tambayar wace shekara ce? Ina wanda zai nuna mana Gumel bayan shekara 100, ko hamada ta cinye ta, ko jikokinmu sun yi dabarar da suka kore ta? Ina wanda zai rubuta ranar da dillalan Maigatari za su wayi gari su tarar na'ura ce ke yanka wa raƙumi kuɗi? Ba a rasa nono a ruga, masu tatsa ne babu, kuma ba za a same su ba muddin duk yaron da ya ɗauko ƙwarya dariya za mu yi masa.

Laifi Tudu Ne

Yanzu na zo inda maganar ta fi zafi. Mun ce ma'abota Doctor Who mutane ne marasa aikin yi. To, ga aikin da marasa aikin yi suka yi. A shekarun 1960, tun babu bidiyo a gidaje, wasu yara a Ingila suka riƙa kafa rakoda a gaban talabijin suna ɗaukar sautin wasan kowane mako, suka adana. Saboda waɗannan yara, yau babu kashi ko ɗaya na wasan da sautinsa ya ɓata, ko da hotonsa ya salwanta. Hukuma mai kuɗi da ma'aikata ta goge, yara masu rakoda suka ajiye. Da suka girma suka bi takardun ciniki suka gano wace ƙasa ta sayi wane labari a wace shekara, suka rubuta wasiƙu, suka bi sawu har Jos. Wannan shi ne abin da muke kira bincike a jami'a, har a ba mutum digiri a kansa. Su ba don digiri suka yi ba, so ne kawai.

To, mu fa? A garin Jos ɗin nan da aka tarar da dodon Landan aka yi wasan Karkuzu. A Kaduna aka yi Samanja da Karambana, a Kano aka yi Kuliya Manta Sabo. Iyayenmu sun cika dandali suna kallonsu a talabijin ɗaya tak ta gari. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Usman Baba Pategi, Samanja mazan fama, ya bi shi a 2023. Ina tambayar ƙungiyarmu: wa ke da jerin wasannin Samanja kashi-kashi, da ranar da aka nuna kowanne? Wa ya san nawa aka yi, nawa suka rage? Bature zai gaya maka nasa 106 ne suka ɓata, aka samo 9. Mu ko lissafin asararmu ba mu riƙe ba, wanda kuwa bai san yawan garkensa ba, ba zai san ranar da kura ta ɗauki ɗaya ba.

Kada a ce ba a iya samowa. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓata. A 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi da taimakon cibiyar Arsenal ta Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Barlin a 2018. Abin farin ciki ne, amma akwai abin kunya a ciki: littafin da muke karantawa tun sakandare, fim ɗinsa yana kwance a gwangwani shekara 40, mu masu nazarin Hausa muna ta rubuta takardu a kan jigo da salo, ba mu ne muka je muka buɗe ƙofar ɗakin ba. Gwangwanayen Jos ma sa'a ce ta tsare su, da an bi ƙa'ida da tuni an ƙone su. Al'ummar da ta bar tarihinta a hannun sa'a kuwa tana wasa da wuta, domin fim yana ruɓewa, kaset yana cin kansa, gara ba ta san Samanja ba.

Wannan bai tsaya ga gidajen talabijin ba. A Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar akwai tsofaffin kaset a cikin adaka da ƙarƙashin gado: na makaɗan fada, na 'yan kama, na kalankuwa, na wasan makaranta. Akwai tsofaffin da suka ga majigi a ƙofar fada suna iya ba da labarin abin da aka nuna. Kowace shekara ana binne wasu daga cikinsu, magada kuma su share ɗaki su zubar da abin da suka ɗauka tarkace ne. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an ajiye ta.

Kammalawa

Ban ce kowa sai ya so Doctor Who ba. Wani zai kalla ya ga dodon ya yi kama da buhun gashi ya yi dariya, yana da gaskiyarsa, kuɗin shirin kaɗan ne, kuma an yi shi ne shekaru da dama da suka wuce. Abin da na ƙi shi ne a yanke hukunci ba a saurari shaida ba, a zauren da aka kafa musamman don sauraron shaida. Saboda haka ina roƙon shugabannin ƙungiya abu uku.

Na ɗaya, a kira ƙanin nan namu a ba shi haƙuri, a sa masa rana ya gabatar da takardarsa. In ta yi rauni a soke ta da hujja, yadda ake yi wa ta kowa.

Na biyu, a sa gasar gajeren labarin kimiyya da Hausa a cikin makon Hausa mai zuwa, da sharaɗin kowane labari ya faru a garin da marubucin ya fito, kuma kafin gasar a taru a karanta Tauraruwa Mai Wutsiya.

Na uku, kowane ɗan ƙungiya in ya tafi hutu ya dawo da abu ɗaya: tsohon kaset, ko hoto, ko hira da wani tsoho da ya ɗauka a wayarsa, da sunan gari da kwanan wata. Wayar da ke aljihun kowannenmu ta fi rakodar yaran Ingila na 1968 ƙarfi nesa ba kusa ba. Ni na ɗauki alkawarin ƙasar Gumel, kuma zan fara da adakar kawuna.

In mun ƙi, to, mu sani wata rana wani baƙo zai zo daga nesa ya buɗe wani ɗaki mai ƙura a Kaduna ko Kano, ya fito da Samanja a gwangwani, ya kai ƙasarsu ya wanke, mu kuma mu sayi tikiti mu shiga kallo muna tafi. Ranar nan ban san wa zai yi wa wani dariya ba.

Wanda ke da raddi, shafin nan a buɗe yake, sai dai ina roƙo ya kalli wasan ya kuma karanta littafin tukuna. Allah ya sa mu gyara.